Yadda ake karɓar yawu da gashi don auna sinadarin damuwa a jikin masu juna biyu da masu jego a ƙauye

Idan an ɗauke ki aikin bincike, aka ce ki shiga ƙauyukan Kano ko Jigawa ki riƙa karɓo yawun masu juna biyu da masu jego don a auna sinadarin damuwa, wannan bayanin naki ne. Da mace nake magana, domin gidajen da za a shiga na matan aure ne, namiji iyakarsa zaure. Karɓar yawun ba ta da wuya. Abin da ke da wuya shi ne ki dawo da kwalbar da kika tabbatar ƙarfe nawa aka sa yawu a cikinta, kuma wannan ba ya samuwa sai matar ta saki jiki da ke har ta iya ce miki, "Malama, yau fa na makara."

Abin da za ki sani kafin ki fita

Sunan sinadarin kotisol. Wasu 'yan tsoka biyu da ke zaune a saman ƙoda ne suke fitar da shi bisa umarnin ƙwaƙwalwa, kuma yana ƙaruwa idan mutum ya firgita, ko yana ciwo, ko damuwa ta yi masa yawa. Abu biyu za ki riƙe game da shi.

Na farko, yana da lokacinsa kullum. Da mutum ya farka sai ya fara hawa, ya kai ƙololuwa tsakanin minti 30 zuwa 45 bayan farkawa, daga nan ya yi ta sauka har wajen tsakar dare. Sakamakon da babu lokaci a jikinsa kamar a ce miki an auna zafin rana a Haɗeja ne, ba a faɗa ko da hantsi ko da azahar ba.

Na biyu, ciki da kansa yana ɗaga shi. Mabiyiya tana fitar da nata sinadarin da ke zuga jiki ya ƙara kotisol, har a watanni ukun ƙarshe adadinsa a jini yakan ninka na marar ciki sau biyu zuwa uku. Ba cuta ba ce, yana ma taimaka wa huhun jariri ya yi ƙwari, kuma mabiyiyar tana kashe kaifin mafi yawansa kafin ya isa ga ɗan da ke ciki. Da an haihu mabiyiya ta faɗo, sai ya fara sauka cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa ba a haɗa sakamakon mai ciki wata biyar da na mai wata tara a ce wannan ta fi waccan damuwa.

Ana fifita yawu a kan jini ne domin tsoron allura kaɗai yana ɗaga kotisol, sannan yawu mace za ta iya bayar da shi a kan gadonta da asuba, lokacin da babu ma'aikaciyar da za ta iso gidan.

Kayan aiki

Kwalaben roba na karɓar yawu, irin su Salivette, masu ɗan dunƙulen auduga a ciki. Idan babu su, ƙananan kwalaben ɗakin gwaji masu murfin murɗawa da gutsuren sitiro na shan lemo sun wadatar.
Maka, wato alƙalamin rubutu a jikin kwalba, wadda ruwa ba ya goge ta, da takardar mannawa, da salatif mai launi uku.
Ledoji masu zif, ɗaya ga kowace mace a kowace rana.
Safar hannu, sabulu, da ruwan sha mai tsabta.
Kula, wato akwatin riƙe sanyi, da ƙunshin ƙanƙara.
Agogon hannu mai nuna lamba, mai araha, na bai wa wadda ba ta da waya.
Takardar yarda, tawadar dangwale, takardar tambayoyi, da littafin rajista.
Na'urar awon hawan jini da tef ɗin auna ciki.
Don gashi: ƙaramin almakashi mai kaifi, zare, matsefi, takardar alminiyam, ambulan, da auduga da sifirit na goge almakashin.

Mataki na 1: Izini, tun daga sama har ɗakin matar

Kada ki taɓa kwalba sai kin ga takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike da idonki, ko na ma'aikatar lafiya ta jiha ko na asibitin koyarwa irin na Malam Aminu Kano. Ki riƙe kwafinta a jaka. Daga nan a bi ta wajen hakimi, dagaci, mai unguwa da liman, a kuma jawo ungozomar gargajiya ta garin a jiki, domin bakinta ya fi na kowa tasiri a cikin gida.

Mutane za su yi tambaya, kuma suna da gaskiya. Kano ba ta manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara lokacin annobar sanƙarau a 1996 ba, ba ta kuma manta da rikicin rigakafin shan inna na 2003 ba. Ga shi kuma yawu da gashi abubuwa ne da aka san ana tsoron a yi sammu da su. Kada ki yi wa wannan tsoro dariya. Ki fito da kwalbar ki buɗe a gabansu, ki sa audugar a bakinki ki nuna. Ki faɗi inda za a kai, da wanda zai auna, da cewa lamba ce a jikin kwalbar ba suna ba, da abin da za a yi da ragowar.

Yardar maigida tana buɗe miki ƙofa, amma ba ta maye gurbin yardar matar. Ki zauna da ita ba a gaban uwar miji ko kishiya ba, ki karanta mata takardar da Hausa, ki ce ta maimaita miki abin da ta gane. Idan ba ta rubutu, ta dangwala a gaban shaidar da ba ma'aikaciyar binciken ba. Ki gaya mata a fili cewa ko ta ƙi, awonta da maganinta ba za su canja ba. Mai cikin fari takan sunkuyar da kai ta yi shiru saboda kunya. Shirun nan ba yarda ba ne, ki ba ta kwana biyu ki dawo. Idan ba ta kai shekara 18 ba, ki bi abin da kwamitin ɗa'a ya rubuta a kan irinta, kada ki yanke da kanki.

Mataki na 2: Tabbatar da satin cikin

Yawancin matan ƙauye sai ciki ya kai wata biyar ko shida suke fara zuwa awo, kuma da watan Musulunci suke lissafi. Ki tambaya ta hanyar da za ta tuna: jinin ƙarshe kafin azumi ne ko bayansa, kin yi Babbar Sallah da tsarki, an yi girbin gero a lokacin? Ki haɗa da awon tef. Idan tana da takardar hoton ciki, ita ce gaba. Ki rubuta wace hanya kika bi.

Wani binciken kan karɓa sau uku: a tsakiyar ciki, a watannin ƙarshe, da wajen sati shida bayan haihuwa, wanda ya yi daidai da arba'in. Tun yanzu ki tambaya inda za ta haihu. Mai cikin fari galibi gida take tafiya goyon ciki ko wankan jego, wani lokaci wata ƙaramar hukuma ce daban. Ki karɓi kwatancen gidan iyayenta da lambar wayar wani a can, in ba haka ba za ki neme ta ki rasa a lokacin da kika fi bukatarta.

Mataki na 3: Tambayar magani da man shafawa

Nan ne ake yawan yin sakaci. Idan kika ce "kina shan magani?" za ta ce a'a, domin a wajenta magani shi ne wanda likita ya rubuta. Ki ce ta ɗauko miki duk abin da take sha da duk man da take shafawa, ki karanta jikinsu da kanki. Mayukan bilicin da yawa suna ɗauke da clobetasol ko betamethasone, 'yan uwan kotisol ne, suna shiga ta fata su danne wanda jiki ke yi. Ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe sau da yawa akwai dexamethasone a cikinsu. Prednisolone na masu asma da ciwon gaɓoɓi kuwa, na'urar gwaji takan ɗauke shi a matsayin kotisol, sakamako ya fito sama ba gaira ba dalili. Haka ki tambaya ko an yi mata allurar ƙarfafa huhun jariri saboda barazanar haihuwar bakwaini.

Kada ki yi mata faɗa a kan bilicin, za ta ɓoye miki ne a zuwa na gaba. Ki rubuta sunan man, ki sanar da shugaban binciken, ki kuma haɗa ta da ungozoma ko likita, domin wanda ya daɗe yana shan irin waɗannan ƙwayoyi ba a yanke masa su rana ɗaya.

Ki rubuta kuma ko tana cin goro, ko shan shayi da safe, ko tana zazzaɓi. Mai zazzaɓi a kai ta a yi mata gwajin maleriya, a ɗaga karɓar yawu sai ta warke.

Mataki na 4: Shirya kwalabe da koya mata

Kwalba uku a rana, kwana biyu a jere: ta farko da farkawa, ta biyu bayan minti 30, ta uku da dare kafin kwanciya. Wani binciken yana ƙara ta minti 45 ko ta la'asar, ki bi naku. Ki rubuta lambar matar da rana da lambar kwalba tun a ofis. Ki naɗa salatif a murfi, launi ɗaya ga kowane lokaci, kada ki canja tsarin launin har a gama binciken. Matan da ba su yi boko ba da yawa sun yi allo ko Islamiyya, don haka ki ƙara lambar Larabci ko ajami a jiki.

Ki koya mata da kwalbar gwaji a gabanki. Ta wanke hannu, ta buɗe murfi, ta karkata kwalbar audugar ta faɗa bakinta ba tare da ta taɓa da yatsa ba, musamman mai shafa man bilicin. Ta riƙa juya ta a baki tana ɗan taunawa a hankali minti ɗaya zuwa biyu har ta jiƙe sharkaf, ta mayar da ita da baki, ta rufe gam. Minti 30 kafin kowace kwalba babu ci, babu sha in ba ruwa ba, babu goro, babu asuwaki ko buroshi. Dasashin mai ciki yana saurin zubar da jini, kuma kotisol ɗin jini ya fi na yawu yawa nesa ba kusa ba, ɗigo kaɗan ya isa ya ɓata sakamako.

Idan audugar tana tayar mata da zuciya, a koma hanya ta biyu: ta tara yawu a baki, ta sunkuyar da kai, ta bar shi ya gangara ta sitiro cikin kwalba har ya kai rabin mililita zuwa ɗaya, ban da kumfa. Ki yi layi da maka a inda ake so ya kai. Ki bambance mata yawu da kaki. Mai tsartar yawu kuma, wadda ke yawo da gwangwaninta da ƙasa a ciki, ki gaya mata sabo ake so daga baki, kada ta zuba daga gwangwanin.

Da hunturu baki yana bushewa. Kada ki ba ta tsamiya ko lemon tsami ko alawa don yawu ya zo, tsami yana rikita gwajin. Ta kurkure baki da ruwa, ta jira minti 10.

Ki ja mata kunne ta ɓoye ledar inda yara ba za su kai ba. Audugar nan yaro zai iya haɗiye ta ta shaƙe shi.

Mataki na 5: Safiyar mai ciki

Kwalbar farko a ƙarƙashin matashi take kwana. Da ta buɗe ido, kafin ta sauko, kafin ta kewaya, kafin alwala, ta sa audugar. Idan aka yi jinkirin da ya wuce minti 15, hawan safiyar ya riga ya yi nisa, lissafin ya karkace. Sannan ta tashi ta yi alwala, kurkurar baki da ruwa ba komai, asuwaki ne zai jira. Ta yi sallah, ƙararrawar minti 30 ta buga, ta sa ta biyu, sannan ta sha kokonta.

Lokaci kuwa, ga yadda za ki same shi. Mai waya ki saita mata ƙararrawa, ko ta yi miki filashin da ta sa kowace kwalba, wayarki ta riƙe miki lokacin. Wannan ita ce hanyar da na fi amincewa da ita, domin ba ta bukatar rubutu kuma ba ta cin kati. Marar waya ki ba ta agogo, ta kwafi lambobin da ta gani a takarda, ko ɗanta ɗan makaranta ya rubuta. Idan duk babu, ki tambaya ki rubuta: kafin assalatu ne, ko bayan an tayar da sallah, ko gari ya waye? Ki sa alamar cewa ƙiyasi ne.

Ki nanata mata cewa makara ba laifi ba ce. Kwalbar da aka sa a makare aka faɗi gaskiyar lokacinta tana da amfani. Wadda ba ta da amfani ita ce wadda mace ta cika duka ukun da hantsi saboda ta hango ki tafe tana jin nauyinki. Idan ta koma barci bayan sallah, a rubuta. Ki kauce wa ranar kasuwa, ranar biki ko rasuwa a gidan. Watan azumi kuma, ko ita ba ta yi, tashin sahur yana juya barcin gidan gaba ɗaya, don haka shugabannin bincike su yanke tun farko ko a dakata ko a rubuta shi a fili.

Mataki na 6: Safiyar mai jego

Wannan ta fi wuya. Mai jego ba ta da farkawa ɗaya, jariri yana tashinta sau da yawa cikin dare, kuma tana cikin jinin biƙi, babu sallar asuba da za a ɗaure lokaci da ita. Ku yi yarjejeniya cewa farkawa ita ce wadda daga ita ba ta koma barci ba. Ki rubuta sau nawa ta tashi cikin dare da lokacin da ta ba da nono na ƙarshe, domin shayarwa tana taɓa kotisol.

Sai wankan jego. Da sassafe gwaggo ko kaka ta riga ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya, kunun kanwa yana jira. Ruwan zafin nan da ake fyaɗa mata girgiza ce ga jiki, kunun kuma abinci ne, dukansu suna ɓata kwalba ta biyu idan suka riga ta. Mai jegon ba ta da ikon cewa a dakata. Da tsohuwar za ki yi magana. Ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce, "Inna, alfarma nake nema, rabin awa kacal na kwana biyu, a bar ruwan a kan wuta." Ban ga amfanin ki buɗe muhawara a kan wankan kansa a wannan zama ba, za ki rasa gidan. Amma idonki ya kasance a buɗe. Likitoci a Zariya da Kano sun daɗe suna rubutu a kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa a ƙasar Hausa. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, ajiye kwalba za ki yi a nemi mota.

Haka nan a kowace ziyara ki auna jininta. Idan ya kai 140 bisa 90, ko tana ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko zubar jini, asibiti a ranar.

Mataki na 7: Tambayoyin halin zuciya

Kotisol shi kaɗai ba ya nuna cewa mace tana da ciwon damuwa. Ana haɗa shi da tambayoyi, galibi ma'aunin Edinbara na 1987 mai tambaya 10, makinsa daga 0 zuwa 30. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan kashi 16 cikin 100 na masu ciki da kusan kashi 20 na masu jego suna fama da matsalar ƙwaƙwalwa, mafi yawa ciwon damuwa. Ki yi tambayoyin bayan an gama kwalaben safe, kada kuka ya shiga cikin sakamako. Ku kaɗaita. Ki karanta fassarar da aka amince da ita yadda take. Amsar farko kusan kullum "Alhamdulillahi" ce, ki karɓa, ki ɗan yi shiru, ki sake tambaya a hankali. Tambaya ta 10 a kan tunanin cutar da kai ce. Idan ta amsa da e ko yaya, kada ki bar ta ita kaɗai, ki kira shugabanki a ranar a haɗa ta da likita. Akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano, da asibitin Dawanau, da na Kazaure a Jigawa.

Mataki na 8: Ɗauko kwalabe da ajiya

Kotisol a yawu yana jure 'yan kwanaki ba firji, amma zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana sa audugar ta yi wari da fumfuna. Ta rufe ledar ta ajiye a gindin randa, kan yashin nan mai laima, ba a taga ko kusa da murhu ba. Ki zo kowace safiya ki kwashe. Ki ɗaga kowace kwalba ki duba a haske: ja ko ruwan hoda jini ne, ruwan goro kuma goro ne. Ki rubuta, ki roƙi a sake wata ranar.

A cikin kula za su tafi, a tsaye. Firji na digiri 2 zuwa 8 na kwanaki kaɗan ne, ajiya mai tsawo sai firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili. Kada ki sa su a firjin rigakafi mai sola na asibitin ƙauye, ko da mai kula da shi ya yi miki tayi, wannan na allurar yara ne kaɗai. Idan wuta ta ɗauke suka narke, a rubuta ranar. A ɗakin gwaji za a juya su a na'ura yawun ya tsatso daga audugar, a auna yawan kotisol ɗin da gwajin da ake kira ELISA, kuma ana so duk kwalaben mace ɗaya su shiga farantin gwaji ɗaya.

Mataki na 9: Gashi, idan binciken ya haɗa da shi

Yawu yana ba da labarin ranar ne, gashi kuwa na watanni. Ana lissafa santimita ɗaya a matsayin kusan wata ɗaya, ko da yake gashin baƙar fata yakan ɗan gaza haka a tsiro, don haka santimita uku na gindi suna nuna wata uku na baya ko ɗan fiye. Ki daidaita da ranar tsifa, kafin a shafa mai a yi sabon kitso. A bayan kai ake yanka, sama da ƙeya, ƙasa kaɗan da tsakar ka. Ki ware siririn tufka da bai kai kaurin fensir ba, ki ɗaure da zare, ki yanke dab da fata, kada ki tumɓuke. Idan gashin gajere ne ko tana tsoron gurbi, ki ɗiba kaɗan-kaɗan daga wuri biyu ko uku a wannan yankin. Ki shimfiɗa a takardar alminiyam, ki sa alama a ɓangaren gindi, ki naɗe ba tare da kin lanƙwasa shi ba, ki sa a ambulan. Ba ya bukatar firji, inuwa da bushewa kawai. Ki rubuta ko ta sa man miƙar da gashi, ko rini, ko lalle, da sau nawa take wanke kai. Gashin da ya zuba a ƙasa ki tattara ki damƙa mata a hannu. Wadda ta yarda da yawu ta ƙi gashi, ki karɓi yawun kada ki matsa.

Za ta tambaye ki sakamako. Ki gaya mata tun ranar farko cewa ana tara kwalaben ne a auna su tare bayan watanni, kuma lambar ba ta nuna lafiyar jaririnta ko rashinta. Abin da za ki iya ba ta a take shi ne awon jininta da takardar tura ta asibiti idan da bukata. Idan an kammala binciken, a koma garin a tara matan da ungozoma a faɗa musu abin da aka gano a dunƙule, a kuma sanar da su yadda aka yi da ragowar yawu da gashin kamar yadda takardar yarda ta ce.